Ringworm: shekara talatin ana buga faifai, me ya hana sunan ya fita?

Auwal:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun makon jiya da muka yi zancen ƙungiyoyin da suka gauraya kiɗan hadko da na metal nake so in buɗe wannan batu daban, domin na lura an ambaci Hatebreed, an ambaci Converge da Earth Crisis, har Integrity ma an taɓo, amma babu wanda ya kira sunan Ringworm. A ganina kuwa duk wanda zai ba da tarihin wannan kiɗa ya tsallake su, ya bar rami a tsakiyar labarinsa. Mutanen Cleveland ne a jihar Ohio, tafiyar awa biyu da 'yan mintoci a mota daga Columbus inda nake zaune. Sun fitar da kaset ɗinsu na gwaji a 1991, faifansu na farko mai suna The Promise ya fito a 1993, na tara kuma, Seeing Through Fire, ya fito a 2023. Shekara talatin ke nan tsakanin na farko da na tara, kuma murya ɗaya ce ake ji a kan dukansu, ta James Bulloch, wanda aka fi sani da laƙabin Human Furnace, ma'ana mutumin da ya zama tanderu. Tambayar da nake so mu tattauna ita ce: an tauye wa waɗannan mutane haƙƙinsu ne, ko kuwa inda suke ɗin nan ne daidai matsayinsu?

Nasiru:
Wa'alaikumus salam, Malam Auwal. Zan fara da saɓa maka, kuma ina fata ba za ka ɗauka raini ba ne ga ƙungiyar, domin ni ma ina sauraronsu. Matsayinsu daidai yake. Abin da ake kira salon Cleveland, Integrity ce ta kafa shi da faifan Those Who Fear Tomorrow a 1991, shekara biyu kafin The Promise. Duhun kalmomi, jita mai amon metal a kan gangar hadko, muryar da ke fita kamar ana shaƙe mutum, duk suna nan a wancan faifan. Ringworm sun zo sun yi abin da kyau, wani lokaci ma sun fi Integrity tsaftar aiki, amma wanda ya sare daji ya yi hanya ba ɗaya yake da wanda ya bi ta ba, ko da na biyun ya fi shi iya tafiya.

Bilkisu:
Ku yi haƙuri in katse ku. Ni sabuwa ce a wannan fanni, ta wajen ƙungiyar Knocked Loose na shigo, bayan na ga bidiyon wasan da suka yi a shirin talabijin na Jimmy Kimmel a ƙarshen 2024. Kafin ku yi nisa, ina roƙon wani ya bayyana mini abin da ya raba wannan kiɗa da metal zalla, domin a kunnena duk abu ɗaya ne. Sunan ƙungiyar ma ya ba ni mamaki, tunda na duba na ga cutar fata ce, makero.

Malam Habu:
'Yata Bilkisu, tambayarki ta zo a kan gaɓa, domin in ba a gane wannan ba, ba za a gane abin da Auwal da Nasiru suke ja a kai ba. Na zo Jamus a tsakiyar shekarun 1990, a nan na fara jin waɗannan abubuwa a hannun abokan aiki, don haka zan faɗa miki yadda na fahimta.

Hadko ɗan pank ne, wato kiɗan jita da ganga mai sauƙin tsari na matasa masu bore. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 matasa a Amurka, irin su Black Flag a Kalifoniya da Bad Brains da Minor Threat a birnin Washinton, suka ɗauki pank suka ƙara masa gudu da fushi, suka gajarta waƙa har wata ba ta kai minti biyu ba. Su ke buga faifansu, su ke shirya wasansu a ƙananan ɗakuna, babu wani shinge tsakanin mai waƙa da mai kallo. Metal kuwa gidansa daban ne: ana ji da gwaninta a jita, ana son manyan dandali, ana son ado da dogon gashi. Shekaru da yawa mutanen gidajen biyu ba sa ga maciji da juna. A 1986 Slayer suka fitar da Reign in Blood, wanda metal ne amma da gudun hadko, a shekarar kuma Cro-Mags na Niyok suka fitar da The Age of Quarrel, wanda hadko ne amma da nauyin metal. Yaran da suka tashi da waɗannan faifai biyu a kunne su ne suka yi abin da muke magana a kai. Hanya mafi sauƙi da za ki gane shi ita ce ki saurari jita da ganga daban-daban. Jitar ta metal ce, mai kaifi da saurin yatsa. Amma ginin waƙar na hadko ne, gajere, ba kwana-kwana, kuma akwai wurin da ake rage gudu a ƙara nauyi, kiɗan ya koma kamar mata biyu suna daka a turmi ɗaya, a nan ne masu kallo ke ɓarkewa da turereniya.

Sunan kuwa haka yake kamar yadda kika gani. Kuma ni ina cikin masu ganin ya rage musu kasuwa, domin ba kowa ne zai sa riga mai ɗauke da sunan cutar fata ya fita da ita ba.

Auwal:
Na gode, Malam Habu. Ɗan'uwa Nasiru, ban musa cewa Integrity ta riga su fitar da faifai ba, amma misalin mai sare daji da mai bin hanya bai dace da abin da ya faru a Cleveland ba. Ƙungiyoyin biyu a gari ɗaya suka tashi, a lokaci ɗaya, cikin 'yan tsirarun matasa da suka san juna, har ma suna musayar makaɗa. Frank Novinec, wanda da shi aka kafa Ringworm kuma shi ne mai jita a The Promise, shi ne ya koma Integrity a tsakiyar shekarun 1990 ya yi kiɗa da su. To idan mutumin Ringworm ne yake riƙe da jita a Integrity a shekarun da ake yaba mata, wa ya bi hanyar wa? Dajin tare suka sare shi.

Kuma akwai bambanci na gaske tsakaninsu wanda kunne ke ji. Dwid Hellion, mai waƙar Integrity, mutum ne mai son asiri, yana lulluɓe waƙarsa da zancen tashin duniya da ƙungiyoyin ɓoye, yana saka sautuka na gwaji, yana canza makaɗa da salo, daga baya ma ya ƙaura Beljiyam. Ringworm ba su da wannan lulluɓi. Kiɗansu ya fi kusa da Slayer, ya fi gudu, kuma kai tsaye yake zuwa. Bulloch ba ya rera waƙa, ba ya kuma yin gurnanin nan na ƙasan maƙogwaro da ake ji a wasu nau'o'in metal. Ihu yake yi da dukan ƙirjinsa, amma kana iya tsintar kalmomin, abin da mutane kaɗan ne suke iyawa.

Ina so kuma a sa garin a lissafi, domin na sha zuwa can da aiki. A ƙidayar 1950 mutanen Cleveland sun haura dubu 900, a ta 2020 ba su kai dubu 400 ba. Garin ƙarfe ne da masana'antu, a bakin tafkin Erie. Kogin Cuyahoga da ya ratsa shi ya kama da wuta a 1969 saboda man da dattin masana'antu da ke kwance a kansa, kuma a 1978 hukumar birnin ta kasa biyan bashin da ake binta. Yaran da suka kafa waɗannan ƙungiyoyi a cikin wannan suka girma, lokacin da ake rufe masana'antu ɗaya bayan ɗaya. Idan ka bi wasu unguwanni na gabashin garin da hunturu, za ka wuce gini mai hawa huɗu na jan bulo, tagoginsa duk an toshe da katako, ƙanƙara ta rufe filin da dā ma'aikata ke ajiye motoci. Ranar da na fara ganin haka, The Promise nake ji a mota, kuma daga ranar ban sake jin faifan kamar dā ba.

Nasiru:
Na karɓi gyara a kan Novinec, wannan hujja ce mai ƙarfi. Amma batun gari ban yarda da shi gaba ɗaya ba. Detroit ta fi Cleveland lalacewa, kuma Cleveland ɗin ce ta haifi Pere Ubu da Dead Boys a shekarun 1970, waɗanda kiɗansu bai yi kama da wannan ba ko kaɗan. Talaucin gari yana iya ba mutum dalilin fushi, amma ba shi ke zaɓa masa yadda zai kaɗa jita ba.

Ga abin da nake ganin shi ne ainihin dalili, kuma daga gare su yake. Bayan The Promise sun watse. Faifai na biyu, Birth Is Pain, bai fito ba sai 2001. Shekara takwas! Ku duba abin da ya faru a cikin waɗannan shekaru. Earth Crisis sun fitar da Destroy the Machines a 1995. Integrity sun fitar da Systems Overload a 1995 da Humanity Is the Devil a 1996. Hatebreed sun fitar da Satisfaction Is the Death of Desire a 1997. A daidai lokacin da ake raba gado, ana tantance waɗanda za a riƙa kira iyayen wannan kiɗa, Ringworm ba sa wurin. Wanda bai halarci rabo ba, ba zai zargi masu rabo ba.

Mamman:
Salamu alaikum daga Damagaram. Ina bin muhawarar tun farko. Malam Nasiru, maganarka ta shekara takwas gaskiya ce, sai dai ina so a ƙara mata abin da ya biyo baya, domin dawowar tasu ma ta faɗo a lokacin da bai yi musu daɗi ba. Sun dawo a ƙarƙashin kamfanin Victory na Shikago, kuma faifai huɗu suka yi a can: Birth Is Pain a 2001, Justice Replaced by Revenge a 2005, The Ninth Circle: The Venomous Grand Design a 2007, da Scars a 2011. A shekarun 1990 Victory gidan hadko mai nauyi ne, nan Earth Crisis da Integrity da Hatebreed suka fitar da faifan da ka lissafa. Amma daga 2001 zuwa gaba ƙungiyoyin da suke kawo wa kamfanin kuɗi wasu ne daban, irin su Thursday da Taking Back Sunday da Hawthorne Heights, masu rera waƙa da taushin murya ga 'yan makaranta. Ringworm suka zama baƙi a gidan da ya kamata a ce nasu ne.

A waje ma kasuwa ta juya. Kalmar metalko, wadda dā ake nufin irin su Ringworm da ita, ta koma sunan wani salo mai amshi da murya mai daɗi a tsakiyar ihu. Killswitch Engage sun fitar da The End of Heartache a 2004, ya sayar fiye da kwafi dubu 500 a Amurka. Hanya a buɗe take ga duk wanda yake so ya bi. Ringworm ba su bi ba. A 2005, lokacin da kowa yake neman mai rera amshi, su suka fitar da Justice Replaced by Revenge, wanda babu sassauci a cikinsa ko na minti ɗaya. Ni a nan nake ganin darajarsu, kuma a nan nake ganin abin da ya hana su kuɗi. Abu ɗaya ne ya jawo duka biyun.

Sadiƙu:
'Yan'uwa, ina da magana wadda ta ɗan fita daga layin da kuke kai, amma ina ganin wajibi ne a faɗe ta. Na je na duba bangon faifan nan da kuke yabo. Ƙoƙon kai ne da macizai da siffofin shaiɗanu, ga sunaye irin su Snake Church da Hammer of the Witch. Na kuma ga cewa shi mai waƙar sana'arsa zanen jiki ce da allura. Mu Musulmi ne, galibinmu a nan. Ta yaya za mu zauna muna tattauna gadon irin waɗannan mutane kamar babu komai? Ba ina neman a rufe zancen ba ne, ina so in ji yadda kuke daidaita abin a zukatanku.

Malam Habu:
Sadiƙu, ka yi daidai da ka tambaya, kuma ba zan ba ka amsar da za ta share damuwarka duka ba, domin ni ma akwai abin da nake tsallakewa. Abin da zan iya yi shi ne in faɗa maka inda waɗannan siffofi suka fito. Hammer of the Witch, faifansu na 2014, sunansa yana komawa ne ga wani tsohon littafi da aka rubuta a nan Jamus a ƙarni na 15, wanda masu farautar mayu suka riƙa dogara da shi wajen azabtar da mata da ƙona su. Siffofin tarihin Kiristancin Turai ne da na finafinan ban tsoro da yaran Amurka suka tashi suna kallo. Idan ka bi kalmomin waƙoƙin, abin da ya fi yawa shi ne cin amana, ramuwa, mutuwa, ƙiyayyar munafunci, da mutumin da yake faɗa da kansa. Akwai kuma suka ga addini kamar yadda suka san shi a ƙasarsu, wannan ba zan ɓoye maka ba. Ni dai ba na sa rigarsu, ba na rataya hotonsu a ɗakina, kuma akwai waƙoƙin da ba na maimaitawa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, barin abin shi ne daidai gare shi, kuma babu wanda ya isa ya ce masa ya yi ƙauyanci. Amma tambayar Auwal ta tarihi ce, wato wa ya yi me, wa ya koya daga wa, kuma ana iya amsa ta ba tare da mutum ya rungumi duk abin da ke kan bangon faifai ba.

Sadiƙu:
Na gode, Malam. Ban gamsu gaba ɗaya ba, amma na ji daɗin yadda ba ka yi mini kwaskwarima ba. Zan ci gaba da karantawa.

Auwal:
Batun zanen jiki da Sadiƙu ya kawo yana da alaƙa da shekara takwas ɗin Nasiru, kuma yana bayyana abubuwa da yawa. A lokacin da ƙungiyar ta tsaya, Bulloch sana'arsa ya koma ya riƙe, har ya zama cikin masu shagon zane a yankin Cleveland, kuma da yawa daga bangon faifansu shi ya zana da hannunsa. Ma'anar wannan ita ce Ringworm ba ita ce kaɗai tukunyar da yake ci daga ciki ba. Mutumin da ke da sana'a a gida ba zai yi wata goma a kan hanya cikin motar haya ba, kamar yadda Hatebreed suka riƙa yi har suka kai ga babban kamfanin Universal a 2002. Wannan ya rage musu suna. Amma shi ne kuma ya sa babu wanda zai iya tilasta masa ya sassauta kiɗansa don a sayar.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Na kalle su sau ɗaya a wani ƙaramin wuri, wanda in an cika shi maƙil ba zai ɗauki fiye da mutum ɗari uku ba, kuma daren bai cika ba. Kafin su hau, na ga makaɗan da kansu suna ɗauko akwatunan lasifika daga mota suna turowa ta ƙofar baya. Shi Bulloch yana tsaye wajen teburin da ake sayar da riguna, mutum mai furfura da dogon gashi, yana magana da mutane a hankali, har sai ka matso kafin ka ji abin da yake faɗa. Da ya hau dandalin, wanda tsayinsa bai wuce gwiwata ba, ya naɗe wayar makirufo a hannu ya buɗe baki, sai da na ji abin a haƙarƙarina. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutanen da ke gefen dandali. Yaran ƙungiyoyin da suka buɗe wasan ne, 'yan shekara ashirin da ɗoriya, sun jeru suna kallon hannun mai jita, bakinsu yana bin kowace kalma. Masu kallo ba su da yawa, amma kusan rabinsu makaɗa ne.

Nasiru:
Wannan hoton da ka zana ya taɓa ni, Malam Auwal, amma bari in riƙe matsayina a kan abu ɗaya. Kuna yabon cewa ba su canza ba. Ni ina ganin rashin canzawar yana da farashi ta fuskar fasaha ma, ba ta kuɗi kaɗai ba. Ɗauki Scars, da Hammer of the Witch, da Snake Church na 2016, da Death Becomes My Voice na 2019, ka gauraya waƙoƙinsu, ka ba wanda bai san su sosai ba ya raba. Ba zai iya ba. Converge kuwa sun yi Jane Doe a 2001, faifan da ya sauya yadda ake tunanin wannan kiɗa gaba ɗaya, kuma kowane faifai nasu da fuskarsa. Ana tuna ƙungiya ne da faifan da ya girgiza zamaninsa. Ringworm suna da faifai tara masu kyau, amma wanne ne a ciki ya girgiza zamani?

Mamman:
The Promise ne, Malam Nasiru, sai dai girgizar ba a ji ta a lokacin ba, domin ƙaramin kamfani ne ya fitar da shi kuma ƙungiyar ta watse ba da jimawa ba. Kuma tunda ka kawo Converge, ga abin lura: kamfanin Deathwish, wanda Jacob Bannon mai waƙar Converge yana cikin waɗanda suka kafa shi, shi ne ya sake buga The Promise a 2003. Mutumin da kake kafa hujja da shi, shi da kansa ya ga faifan ya cancanci a ciro shi daga inda ya ɓace a miƙa wa sabon zamani.

Ban kuma yarda cewa faifan baya duk ɗaya ba ne. Tun da suka koma kamfanin Relapse a faifan 2014, inda Integrity ma ta same su daga baya, ɓangaren metal ya ƙara rinjaye, mai jita yana samun fili ya saki hannu shi kaɗai fiye da dā, sautin kuma ya ƙara kauri. Canji ne na cikin gida, irin wanda sai wanda ya zauna da faifan yake ji. Maƙerin da ya shekara talatin yana ƙera lauje ba za ka ce bai ci gaba ba don bai koma ƙera agogo ba. Ka riƙe laujensa na farko da na yau a hannu ka gwada kaifinsu.

Hadiza:
Ina so in shigo ta ɓangaren da ba a taɓa sosai ba, wato ina gadon ya tafi. Hanya ɗaya a bayyane take, kuma ana iya bin sawunta da suna. Frank Novinec na Ringworm ya shiga ƙungiyar Terror, sannan a 2006 ya shiga Hatebreed, inda ya daɗe yana riƙe da jita. Duk wanda ya kalli Hatebreed a manyan bukukuwan kiɗa na Turai tun daga lokacin, hannun mutumin da ya kaɗa The Promise yake kallo, ko ya sani ko bai sani ba.

Hanya ta biyu kunne ne kawai ke shaida ta, don haka ra'ayina ne nake faɗa. Bayan 2010 salon amshi mai daɗi ya fara gundurar matasa, sai suka koma neman abu mai duhu da kaifi. Power Trip na Dallas suka fitar da Nightmare Logic a 2017, Code Orange na Pittsburgh suka kai ga shiga takarar lambar yabo ta Grammy da waƙar Forever, sannan Knocked Loose da suka jawo Bilkisu. Ba na cewa kowannensu daga Ringworm ya kwafa, kowa da malamansa. Abin da nake cewa shi ne, lokacin da yaran nan suka waiwaya suna neman yadda ake haɗa hadko da metal ba tare da an zuba masa sukari ba, sun tarar da ƙungiyar da ba ta taɓa daina yin hakan ba, tana nan da rai, tana fitar da faifai, ana iya zuwa a tsaya gefen dandali a kalle ta kamar yadda Yaya Auwal ya ba da labari. Da dukan na farko sun watse ko sun sassauta, da sai dai a koya daga tsohon kaset. Kuma ku lura cewa a 2023 Nuclear Blast, ɗaya daga manyan kamfanonin metal na duniya, ita ce ta ɗauke su. Kamfani irin wannan ba ya sa kuɗinsa a kan dattawa don tausayi.

Nasiru:
Malama Hadiza, wannan ita ce hujjar da ta fi kama ni a duk zaren nan. Zan gyara maganata ta farko zuwa haka: a idon jama'a matsayinsu daidai yake da abin da suka zaɓa, domin sun tafi lokacin rabo kuma sun ƙi bin kasuwa da suka dawo. Amma a rubutun tarihi, inda ake jera sunayen waɗanda suka kafa wannan kiɗa, ya kamata a daina sa su a ƙarƙashin Integrity kamar ƙannenta, a sa su kafaɗa da kafaɗa. A kan faifan baya kuwa ina nan a kan bakana, uku daga ciki sun ishi mutum.

Bilkisu:
Na ƙaru ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tunda faifai tara ne kuma Yaya Nasiru ya ce uku sun isa, da wanne zan fara?

Auwal:
Da The Promise, ƙanwata, domin ki ji inda abin ya samo asali. Sai dai ki sani ɗaukar sautinsa ta 1993 ce, ta masu ƙaramin ƙarfi, ganga tana da ɗan rauni idan kika gwada da abin da kunnenki ya saba.

Mamman:
A nan zan saɓa wa Malam Auwal. Wadda ta shigo ta Knocked Loose, kunnenta ya saba da sauti mai kauri, idan ta fara da na 1993 tana iya ajiye shi kafin ta kai rabi. Ki fara da Justice Replaced by Revenge, ki bi da Hammer of the Witch, sannan ki koma The Promise da kunnen da ya riga ya san muryar Bulloch. Kuma ki saurare su da abin ji na kunne mai kyau ba da lasifikar waya ba, domin a waya jita biyun suna haɗewa su zama ƙara ɗaya, ba za ki ji inda ɗaya ke riƙe nauyi ɗayan yana gudu a samansa ba.

Bilkisu:
To zan bi tsarin Malam Mamman, in Allah ya so. Idan na gama ukun zan dawo nan in faɗa muku ko na iya raba waƙoƙin 2005 da na 2014 ba tare da na duba suna ba.